Inda Yaya Ya Cike Waƙa da Baki

Idan aka tambaye ni kiɗan da na fi so a duniya, nakan ce rok, na Turawa, mai jita da ganguna da ihu. Sai a dube ni tun daga ɗankwali har silifas, malamar firamare, 'yar zumuntar mata a coci, a kwashe da dariya. To, a yi ta yi, haƙoran mutum nasa ne. Waƙoƙi uku ne kacal, duka a gefe ɗaya na wani tsohon kaset, kuma ba ni na zaɓe su ba, yayana ne.

Mu biyu ne a wurin iyayenmu, shi babba, ni ƙarama. A gidan haya muka tashi a Samaru, ɗakuna a jere, rabin masu hayar ɗaliban jami'a ne. Baba yana kula da shanu a gonar bincike ta Shika, ya fita da sassafe, ya dawo da yamma yana warin dusa. Wani ɗalibi da ya gama karatu, da zai tafi garinsu, ya bar wa Yaya rikodarsa da kaset ɗaya wanda babu ko rubutu a jikinsa. Saboda haka ba mu san masu waƙoƙin ba, ba mu san sunayensu ba, Turancin ma rabi muke tsinta. A gida aka raɗa musu suna.

Yaya sikila ne. Wanda bai zauna da mai wannan ciwo ba, don Allah ya yi min shiru da zancen haƙuri. Da damina ta kama, sanyi ya shiga ƙashinsa, sai ka ga saurayi mai tsokanar tsiya ya dunƙule a tabarma yana cizon matashi. Abin da ya fi ciwon ƙona masa rai shi ne ɗaliban nan su ji kukansa ta bango, gobe su riƙa yi masa sannu da muryar tausayi. Shi ya sa da zarar ya ji abin yana tasowa sai ya ce in sa masa waƙar farko, in ƙure murya.

Waƙar nan ba ta sallama. Ganguna ne suke faɗo maka a ka, jita ta biyo baya tana gurnani, wani ƙato ya kama ihu kamar an taka masa ƙafa a kasuwa. Mama ce ta sa mata suna Injin Niƙa, kuma sunan ya zauna daram. A ƙarƙashin wannan ƙara Yaya yake yin nasa ihun son ransa, ni ina danna masa gwiwoyi, Mama tana ɗora tsumma mai ɗumi. Maƙwabta suna zagin mu da rashin tarbiyya, wai muna damun mutane da kiɗan shaiɗanu. Ban taɓa yi musu bayani ba, Yaya ya hana. Har yau in na ji gangunan farko na waƙar nan, hannuwana sukan fara neman abin da za su danna.

Ta biyu sanyi gare ta. Jita ɗaya ce take tafiya a hankali, sannan wani mai dasasshiyar murya ya shigo yana ba da labarin da ban taɓa gane kansa ba, sai can ƙarshe ganguna su taso. Ita Yaya yake sawa ran da ciwon ya sake shi. Kuma abin da yake fara nema in ya farfaɗo shi ne ɗumamen tuwo da miyar kuka, shi ya sa ya kira ta Ɗumame. Mama ko tana bakin famfo ta jiyo ta, ba ta jiran a aiko, sai ta ajiye bokiti ta je ta hura wuta. Na sha ganin ta tana fifita gawayi tana share ido da gefen zani, tana cewa hayaƙi ne.

Ta uku ba ta da suna sai ran da Mama ta taɓa rikoda. Wata Asabar ce da hantsi, Yaya lafiyarsa ƙalau, ya sa kaset ya fita wanki a tsakar gida. Waƙa ta uku tana da wani wuri a tsakiya inda mawaƙin yake yin shiru ya bar jita ita kaɗai ta yi ta kuka tana hawa sama. Daidai nan haƙurin Mama ya ƙare. Ta shiga ɗaki ta danna wani maɓalli, kiɗa ya tsaya. Don ta tabbatar ta kashe abin murus, sai ta ƙara danna ja, tunda a saninta ja shi ne tsayawa. Ashe na ɗaukar magana ne.

Abin da ya hau kan kaset ɗin na haddace shi fiye da addu'ar cin abinci. Da farko tsakin Mama ne, dogo, sannan ta ce yaron nan sai ya kurmantar da ita hankalinsa zai kwanta. Can nesa kaza tana kyarkyara. Sai ƙarar silifas da gudu, sai muryar Yaya: “Mama, me kika taɓa?” Sai ya ga zaren yana juyawa, ya gane ɓarnar da ake yi masa. Da wani yaron ne, da sai ya kashe ya hau fushi. Shi kuwa ɗan banzan sai ya jawo bokiti ya kama dukansa, ya cike wurin jitar da bakinsa, yana kwaikwayon kukanta, yana hawa yana sauka, har ya kai inda muryarsa ta ƙi zuwa. Nan ya fashe da dariya, irin tasa mai shiɗewa, wadda take ƙarewa da tari. Sai ƙas, waƙar Turawa ta dawo tana dab da ƙarewa. Tun ranar sunanta Ta Mama.

Wata damina muka kai shi asibitin Shika kamar yadda muka saba kai shi, ba mu dawo da shi da rai ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba, ba na so. Hotunansa biyu ne a gidan, duka ya ɗaure fuska a ciki saboda mai hoto ya ce kada ya motsa. Muryarsa da dariyarsa kuwa babu su a ko'ina a duniya sai a wannan ɗan wuri na zaren kaset.

Bayan an watse daga zaman makoki, Mama ta kira ni ta ce in koya mata mayar da kaset baya. Matar da take cewa kiɗan nan zai kurmantar da ita! Ta koya, har ta fi ni. Ba ta sauraron Injin Niƙa, tsallake ta take yi, Ɗumame ma sai jefi-jefi. Ta uku take zuwa kai tsaye, ta ji wurin, ta mayar, ta sake ji. Baba ya bi ɗansa bayan 'yan shekaru. Na yi aure, na dawo da Mama wurina, a nan Samaru. Rikoda ta mutu muka sayi wata ta hannu, ita ma ta mutu muka nemo wata. Ciwon suga ya cinye wa Mama ido, amma yatsunta sun san maɓallan, kuma jan maɓallin na liƙe shi da salatif tun tuni don kada tarihi ya maimaita kansa.

Bara ne na lura muryar Yaya ta fara rawa. Dariyar takan nutse ta taso, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Wata abokiyar aikina ta ce zare ne yake cinyewa, in yi maza in kai Sabon Gari a juye min a memori tun kafin a yi da na sani. Na gaya wa Mama, ta ce a'a, a bar mata abinta yadda yake. Na yi ta lallashi, na ce kwana ɗaya ne tak, bayan haka ko jikokinta za su ji kawunsu. Da ƙyar ta kwance kaset ɗin daga ɗankwalin da take naɗe shi ta miƙo min.

A layin masu tura waƙa a waya, kowane shago da sifikarsa, kowa yana ƙoƙarin danne na kusa da shi. Aka nuna min wani magidanci mai furfura a gemu, wanda a da kaset yake sayarwa, har yanzu yana da tsohuwar na'ura a ƙarƙashin tebur. Na yi masa bayani dalla-dalla. Na ce ba waƙoƙin ne damuwata ba, akwai muryar yayana da ya rasu a cikin ta uku, ita nake so. Yana gyaɗa kai, waya a maƙale a kunne, hannu ɗaya yana karɓar wayoyin wasu samari. Ya ce ba wahala, Madam, in dawo gobe.

Washegari da aka tashi makaranta na koma, an sha ruwa da safe, ko'ina caɓi. Ya tare ni da fara'a, irin ta wanda ya yi aikin a yaba masa. Ya ce na'urarsa ta ɗan kama zaren a waƙa ta uku ta cukuikuye shi, don wurin ya yi siriri sosai, alamar an gurje shi da ji. Amma kada in damu, ya yanke wurin da reza ya haɗa bakin da bakin. Kuma ya kara wayarsa a sifika ta gane waƙoƙin duka, ya sauko min da sabbi fes daga intanet, har da sunayensu da na masu su. Ya ce yanzu ai haka ake yi, babu mai wahalar juyar kaset.

Na tambaye shi muryar fa.

“Ai wurin da ya lalace ne kawai na cire, Madam,” in ji shi. “Dama surutu ne a wurin, ba waƙa ba.”

Ban san lokacin da na ci kwalarsa ba. Na kira shi sunayen da ban san na iya ba, ni da nake koya wa yara ladabi. Mutane suka taru, wata mai sayar da lemo ta riƙe ni ta baya tana ba ni haƙuri da Hausa da Turancin kasuwa. Sai a lokacin bayanina na jiya ya faɗo masa, na ga fuskarsa ta zube. Ya ce da safe ya share guntun zaren zuwa kwata, kafin ruwa ya sauko. Na durƙusa a bakin kwatar nan da kayan aikina na sa hannu. Ledar ruwa, ɓawon lemo, katin waya, gashin kitso. Shi ma ya naɗe wando ya shiga, ya fi ni nisa, har ƙarƙashin gadar shagon maƙwabcinsa. Ba mu samu komai ba. Abin da yake ƙara ba ni haushi har yau shi ne ko tsanarsa na kasa yi yadda ya kamata, don mutumin nan a zuciyarsa alheri ya yi min. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

A bas, daga Sabon Gari har Samaru, ina ta shirya abin da zan faɗa, ban samu ko kalma ɗaya mai amfani ba. Na tarar da Mama a ƙofar ɗaki a kan kujerarta, rikoda a gefenta. Tun daga takuna ta gane ni, ta miƙo hannu. Na sa mata kaset ɗin a tafi. Ta shafa shi, ta saka, ta tura gaba da yatsan da ya san hanya. Waƙa ta uku ta taso, ta zo inda mawaƙin yake yin shiru. Sai ƙas, ta yi tsalle zuwa ƙarshe. Mama ta mayar baya ta sake sawa. Ƙas.

Ta ce in sa mata sabon abin da aka yi. Na sa memori a ƙaramar sifika. Da aka zo wurin, jitar gaske ta shigo, wadda rabonmu da ita tun waccan Asabar. Doguwa ce, tas da ita, kuma gaskiya ɗaya ce, tana da daɗi. Na tsane ta saboda daɗin nata. Mama ta karkata kai tana jira a buɗe ƙofa a ji silifas, har waƙar ta ƙare babu wanda ya shigo. Ta ce in kashe. Na durƙusa na gaya mata komai. Ba ta zage ni ba, ba ta ce ai ta faɗa min ba, da ta yi hakan da ya fi min sauƙi.

Yanzu waƙoƙin uku suna cikin wayata da sunayensu na gaskiya, waɗanda ba na kiran su da su. Injin Niƙa da Ɗumame nakan ji su in ina wanki. Ta uku ban sake kaiwa tsakiyarta ba.

Amma ranar da na dawo da kaset ɗin, Mama ta ce in miƙo mata bokiti. Ta kife shi a cinya. Ta ja tsaki, dogo, ta ce yaron nan sai ya kurmantar da ita. Ta canza murya ta tambayi kanta me ta taɓa. Sannan ta kama dukan bokitin, tsohuwa makauniya, ta yi kukan jitar da bakinta, tana hawa tana sauka, babu lanƙwasa ɗaya da ta kuskure. Ta kai inda muryarsa take ƙin zuwa, ta tsaya, bakinta a buɗe.

“Dariyar ce ba na iyawa,” in ji ta. “Ke kina iyawa?”

Na ja numfashi na gwada. Abin da ya fito ba dariya ba ne.