Abu Hamsin da Adasar da Ban Saya Ba

Duk wanda ya ci bikin aure a unguwarmu ta Omdurman ya san Kawu Abbakar mai hoto ba ya tafiya gaba sai dole. Da baya yake tafiya, kyamara a ido, yana cewa, "Hanya, ya jama'a, ba ni da ido a ƙeya!" Dalili kuwa, adasa ɗaya ya mallaka a duniya, wato gilashin nan na bakin kyamara, mai lamba hamsin, wadda ba ta jawo abu kusa kuma ba ta tura shi nesa. In fuska yake so sai ya matsa, in taro ne sai ya ja da baya. Shi ya sa aka sa masa Abu Hamsin, wato mai hamsin.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma ni ya damƙa wa hoton auren 'yarsa Nafisa, rana ɗaya tak da zai tsaya a gaban kyamara maimakon bayanta. Yadda na yi da amanar nan shi ke rage mini dariya in ana labarinsa. Amma bari in fara da abin da kuka fi so.

A wani biki a Hillat Kuku, in ban manta ba, yana ja da baya don ya haɗa ango da abokansa, sai ya zauna daram cikin tiren asida, tuwonmu na biki. Mata suka ɗau salati. Shi kuwa hannu sama, kyamara ko ɗigon miya bai taɓa ta ba.

"Kada wanda ya ɗaga ni!" in ji shi. "Daga nan ƙasa hasken ya fi kyau."

A zaune cikin abincin mutane ya ɗau hoto uku, sannan ya miƙa hannu.

Na bikin Jabal Awliya ban gani da idona ba, amma mutum huɗu sun ba ni shi iri ɗaya. Dangin ango sun fi sittin, duk suna son shiga hoto ɗaya a bakin ruwa. Kawu ya ja da baya har ƙasa ta ƙare. Sai ya kira wani masunci, ya shiga kwalekwalensa, ya ce ya tura. Baffan ango ya ɗaga murya daga gaɓa, "Ya Haj, ka sayi zum mana, adasa mai jawo abu kusa, ka huta!"

Kawu ya nuna masuncin. "Ga zum nan yana tuƙi. Ƙara kaɗan, ya zol!" Wato "kai malam" a bakinmu.

To, ni na gama jami'a babu aiki, na sayi kyamara ta hannu don in gwada sana'ar. Tsohuwar adasarsa ba ta shiga bakin tawa, don haka saura mako biyu bikin Nafisa muka hau raksha ni da shi zuwa kasuwa. Na zo da takarda shafi uku da na buga, na jera adasa tara da amfanin kowace da aibinta. Ya karɓa, ya duba gaba da baya, ya shiga fifita da ita.

"Ustaz, wannan na digiri na biyu ne?"

Mai shago ya fito da guda biyu da kuɗina zai kai. Ɗaya ƙaramar hamsin ce ta hannu, da ɗan ƙarce a jiki. Ɗayar zum ce doguwa mai sheƙi. Kawu bai tambayi farashi ba. Ya ɗaura ƙaramar, ya shige can ƙuryar shagon inda ko akwatuna ba a gani sosai, ya ɗauki mai shago. Hoto ya fito har da furfurar gemu. Ya ɗaura doguwar, ya sake. A wannan hoton mai shago ya fito kamar aljani.

"Ka gani? Ƙaramar bakinta a buɗe yake, haske kaɗan ya ishe ta. Wannan ƙatuwar sai rana tsaka take aiki, kamar ma'aikacin gwamnati. Aure kuwa a cikin ɗaki ake yinsa."

Na ce, "Gaskiya ne, Kawu. Amma zan so in ɗan ƙara tunani."

"Yi tunani. Amarya za ta jira ka."

Kwana uku ina tunanin. In ɗakin ya yi ƙanƙanta fa? In mata suka cika, na kasa matsawa? Ni ba mai iya ture mutane ba ne, ko a layin burodi wuce ni ake yi. A rana ta huɗu na koma ni kaɗai na sayi doguwar, don in tsaya a lungu ɗaya in jawo komai ba tare da na ce wa kowa gafara ba. Ban gaya masa ba.

Hotunan tsakar gida sun yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Amma bayan la'asar aka shiga jirtik, inda ake zaunar da ango da amarya a kan gado mai jan shimfiɗa, tsofaffin mata su ɗaura musu jan zare su shafa musu turare. A ɗakin ciki aka yi, taga ɗaya, hayaƙin turaren wuta ya toshe ta. Na kunna filashi sau ɗaya, hoton ya fito fari fat da hayaƙi, kakar ango ta ce in na ƙara haska mata ido za ta fitar da ni. Na kashe.

Sai Kawu ya shigo, da sabon rawani, yana tafiya gaba kamar kowa. Ya ɗora hannu a kan Nafisa, ya yi addu'ar da ba ta kai minti ɗaya ba. Na danna sau goma sha huɗu. Da zai fita ya kalli bakin kyamarata, ya kalle ni, ya wuce.

Washegari ya ce in kawo ya gani. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe. Nafisa ja ce kawai mai walƙiya, shi kuma wani farin abu a samanta.

"Ma'alesh, ba komai, Ustaz," in ji shi. "Rawanin ka kama shi sosai. Mai rawanin ne ya gudu."

Na fara bayani, wataƙila hannuna ne ya girgiza, wataƙila hayaƙin ne. Ya ce in sha shayina kafin ya huce.

Bai ƙara wata biyar ba ya rasu, kafin yaƙin nan ya watsa mu. Da aka tashi neman hotonsa, a gidan mutumin da ya ɗauki rabin unguwa ba a samu ba sai na katin shaida, wanda ya ɗaure fuska kamar an kama shi da laifi.

Bara Nafisa ta aiko mini da saƙo daga inda suke gudun hijira, ta ce ɗanta yana tambaya yaya kakansa yake. Na yi kwana biyu ina zaɓe cikin sha huɗun, na aika mata wanda ya fi dama-dama, da dogon ban haƙuri. Amsarta layi ɗaya ce: "Hannun ya fito, Yaya. Na gane yatsunsa."

Allah ya jiƙan Kawu Abbakar, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa. Ni ma ya yafe mini.