Cutar da Murtala Ya Ƙaga wa Kwamfutar Manoma

Murtala haifaffen Danja ne, ɗan manomin rake, amma tun yana saurayi ya yanke wa kansa hukuncin cewa hannunsa ya fi ƙarfin fartanya. Da ya gama sakandare da ƙyar, ubansa ya kai shi Funtua wajen Hyacinth, wani Ibo haifaffen garin mai shagon kwamfuta a bayan tasha, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da yaren iyayensa. A nan Murtala ya koyi buga takarda, ya kuma tsinci ɗan abin da ya tsinta game da rumbun bayanai, wato manhajar da ake jera sunayen mutane da bayanansu cikin jadawali. Bai kai ko'ina ba ya tattara nasa ya nasa ya gudu, yana gaya wa duk wanda ya tsaya saurare cewa ya wuce maigidansa, hassada ce ta hana a yaye shi.

Ya dawo gida da tabarau marar magani da jaka a kafaɗa, ya ce a riƙa kiransa Injiniya. Aka kuwa kira shi, don babu wanda ya san abin da zai ƙaryata shi da shi. Lokacin nan ƙungiyar manoman tumatir ta garin ta sami tsohuwar kwamfutar tebur, shi ya tsara mata jadawalin membobi: suna, ƙauye, eka. Daga ranar ya zama ba a taɓa ta sai da izininsa.

Yadda yake raina manoman nan abin kallo ne. In dattijo ya miƙa masa hannu, sai ya ba shi kan yatsu, bayan ya juya ya goge a wando. A ganinsa, mutanen da ke kwana da tunanin taki da tsutsar tumatir ba su cancanci a yi musu bayanin komai ba. Ko ƙaramin gyara zai yi, sai ya sa an tayar da janareta, an kawo masa lemo mai sanyi, an kori masu leƙe daga taga, sannan ya zauna yana buga umarni da Turanci, yana girgiza kai kamar likitan da ya ga mugun ciwo. Akwai hanya mai sauƙi ta yin wannan aiki da linzamin kwamfuta ba tare da buga umarni ba, amma bai taɓa tsayawa ya koye ta ba. Ya ce wannan aikin 'yan taifin ne.

'Yar taifin ɗin da yake nufi ita ce Rahab, sakatariyar ƙungiyar, 'yar wani malamin coci daga Gozaki, wadda ke shigar da sunayen sababbin membobi. Ba ta da yawan magana, shi kuwa Murtala ya ɗauki shirunta a matsayin daƙiƙanci.

Ana gab da noman rani wani kamfanin iri ya aiko cewa zai raba wa membobi sabon irin tumatir, amma sai an ba shi jadawali mai ɗauke da lambar wayar kowa. Baba Yabo, shugaban ƙungiyar, tsoho mai haƙuri wanda gashin kansa ya gama fari a fadama, ya aika aka kira Murtala.

"Injiniya, gurbi ɗaya za ka ƙara mana," in ji shi. "Ka rubuta masa Lambar Waya."

Murtala ya yi ɗan murmushin nan nasa na gefen baki. "Baba, a baki ne yake gurbi ɗaya."

Ofis ya cika da manyan ƙungiya. Ya zauna, ya lanƙwasa yatsu, ya buga umarnin sauya jadawali kamar yadda ya haddace shi tun a Funtua, ya danna. Sai wani ɗan akwati ya faɗo a fuskar kwamfutar, yana cewa akwai kuskure a tsarin umarnin. Ya goge ya sake bugawa. Akwatin ya dawo. Ya mai da ƙananan haruffa manya, ya ƙara waƙafi, ya cire waƙafi, ya kashe kwamfutar ya kunna. Akwatin nan bai fasa fitowa ba. Gumi ya fara bin bayan wuyansa, yana jin numfashin mutanen da ya saba kira jahilai a bayansa, kowa ya zuba masa ido.

Cewa bai sani ba, wannan bai ko gifta a ransa ba. Ya waiwaya, idonsa ya faɗa kan filash, ɗan abin kwafar bayanai daga kwamfuta, da ke rataye da makullan Rahab.

"Ke, kin soka wannan abin a jikin kwamfutar nan?"

"Na kwafi sunaye da shi, Malam Murtala, kamar yadda ka ce in riƙa yi."

Ya cire tabarau a hankali ya ajiye. "To shi ke nan. Baba, ta sa mata cuta. Allah kaɗai ya san shagunan da take yawo da shi. In ba a yi sa'a ba, duk sunayenku sun tafi, iri kuma sai dai ku ji labarinsa a wajen mutanen Bakori."

Ofis ya kaure da surutu. Wani ya ce dama tun farko bai ga dalilin ba mace wannan aiki ba. Rahab ta buɗe baki za ta yi magana, Baba Yabo ya ɗaga mata hannu, ya ce ta je gida tukuna har a ga abin da hali zai yi. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta kalli kowa ba. Murtala bai ji komai a ransa ba sai sauƙi.

Washegari ya ɗauki hoton umarnin da wayarsa, ya hau motar Funtua, ya ce wa mutane zai je sayo maganin cutar. Ya yi ta zagaye a bakin tasha kafin ya iya tura ƙafarsa cikin shagon da ya bari da zagi. Hyacinth na zaune yana kwance wata firinta. Ya ɗago ya dube shi daga sama har ƙasa.

"A'a, Injiniya ne a shagonmu? Ga kujera, kada ƙura ta taɓa ka."

"Oga, wani abokina ne ya sami 'yar matsala."

Hyacinth ya karɓi wayar, ya duba, bai ko ajiye sukudireban da ke hannunsa ba. "Ka gaya wa abokin naka, sunan gurbin kalma biyu ne. Kwamfuta ta karanta Lambar, ta ɗauka sunan ya ƙare, sai ta ci karo da Waya ta rasa ko mece ce. Ya rufe su cikin baka biyu masu kusurwa, ko ya haɗe su ba tazara. Sannan ya faɗa mata gurbin na rubutu ne, in ya ce na lissafi ne za ta cinye sifilin farkon kowace lamba." Ya miƙa masa wayar. "A makon da ka gudu na koya wa sauran wannan. Ka gai da abokin."

Murtala ya fito kunnuwansa na zafi. Amma kafin mota ta kai Danja ya gama shawo kan zuciyarsa: ai dama ya kusa ganowa, Hyacinth ya riga shi faɗa ne kawai.

Ya sa aka tayar da janareta, aka kawo lemo, aka rufe ƙofa. Gyaran bai ɗauke shi lokacin shan lemon ba, sai ya zauna yana buga karta a kwamfutar har la'asar, sannan ya fito yana share goshi. Ya ce an sha artabu, amma ya kashe cutar. Aka yi ta sa masa albarka, wani ma ya aika masa da kwandon tumatir gida.

Abin da bai lissafa ba shi ne Rahab ba ta zauna tana kuka ba. Ta ɗauki filash ɗinta ta tafi Funtua neman wanda zai duba mata shi, aka nuna mata shagon bayan tasha. Hyacinth ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, ya tambaye ta wa ya ce yana da cuta. Tana ambaton Danja da Lambar Waya ya ajiye abin da ke hannunsa, ya nemi lambar shugaban ƙungiyar, ya kira shi ya zayyana masa komai.

Baba Yabo bai tara mutane ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya sa rigarsa ta fita, ya hau babur har Gozaki, ya durƙusa a gaban mahaifin Rahab ya ba da haƙuri. Rahab ta kawo masa ruwa, ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta yafe, amma ta riga ta karɓi aiki a ofishin wata makaranta a Malumfashi. Ba ta koma ba.

Labari ya bazu a fadama kafin tumatir ya yi fure. Ba wanda ya tari Murtala da maganar, abin da ya fi ci masa rai ke nan. In ya shigo majalisa sai hira ta koma kan farashin taki. Har yanzu shi ke taɓa kwamfutar, don babu wani a kusa, sai dai Baba Yabo kan jawo kujera ya zauna daf da shi, ƙofa a buɗe, ya ce, "Murtala, me ta ce? Fassara mini." Dole ya fassara, kalma bayan kalma.

A gida yakan gaya wa matarsa Ladidi cewa garin nan ba su san darajar ilimi ba, shi Abuja ce ta dace da shi. Ladidi takan ci gaba da tankaɗen garinta, can ta ce masa ya ɗan matsa, ya tare mata haske.