Shugaban Ajin Da Ba Nawa Ba

Ranar da zan tafi jami'a, Baba ya kai ni tashar Gwaram a kan babur daga Zandam. Muna jiran mota ta cika ya yi mini nasiha guda: in kama bakina, don yawan magana ne ke jawo wa baƙo raini. Na ce to. Ni da ko a gidanmu sai an leƙa ɗaki ake sanin ina nan, ni ake ja wa kunne a kan surutu.

Tarihi aka ba ni in karanta. A makon farko na fita neman inda za a yi mana lacca, ban kuma tambayi kowa ba, don tambaya sai an buɗe baki. Na ga sababbin ɗalibai suna ɗunguma cikin wani babban ɗaki, na bi su. Baya ta cika, dole na zauna a sahun gaba. Wata malama dattijuwa mai tabarau ta shigo, ta rufe ƙofa, ta ce a ajinta wanda ya shigo ba ya fita sai an tashi. Sannan ta zana ganye a allo. Na ɗauka daga nan tarihi yake farawa. Sai da ta shiga bayanin yadda saiwa take shan ruwa na gane a ajin ilimin tsirrai nake.

Kusa da ni akwai wani dogon Bakano. Ya ari birona, da aka tashi kuma ya riƙe ni da hira har ɗakin kwana. Shi yake magana, ni ina cewa "haka ne". Da za mu rabu ya ce, "Wallahi tun da na zo ban haɗu da mai fahimta irinka ba."

Washegari ina laluben sashen tarihi ya hango ni, ya kamo hannuna. "Yi sauri, na kama maka wuri." Mutum ya kama maka wuri, da wane ido za ka ce masa ba nan kake ba? Na bi shi, da niyyar gobe in faɗa masa. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Laccar tarihi kuwa sai in saci jiki in leƙa ta jefi-jefi, kamar mai zuwa zance a ɓoye.

Sai malamar ta ce a zaɓi shugaban aji. Mutum biyu suka fito, kowa da magoya bayansa, har aka fara nuna wa juna yatsa. Abokina ya miƙe ya nuna ni. "Ga mutum mai natsuwa, ba a taɓa jin kansa da kowa ba."

"Kana da abin cewa?" malamar ta tambaye ni.

Ina da shi kuwa. Na miƙe, na ce, "Ni dai..." sai na koma na zauna. Wani daga baya ya ce wannan shi ne tawali'u. Aka yi tafi.

Haka na zama mai ɗaukar lasifika, mai neman ɗakin da ba kowa, mai sanar da canjin lokaci. Ranar sanarwata ta farko, 'yan baya suna ta cewa ba sa ji. Na maimaita, na sake maimaitawa, har muryata ta fito da ƙarfin da ni kaina ban san ta da shi ba. A hankali na san kowa, kowa ya san ni. Har gwaji na rubuta tare da su, don ba ya yiwuwa a ce shugaba bai zo ba.

Wani ɗan Farin Dutse da muka yi sakandare tare a Birnin Kudu, wanda shi ma tarihi yake karantawa, shi ya kwance mini zani a kasuwa ba da niyya ba. Ya gamu da ni ina bin malamar a baya, rungume da lasifika. Ya gaishe ta, ya juyo gare ni. "Kai kuwa lafiya? A sashenmu har an fara cewa ka koma gida."

Malamar ta tsaya. "Wane sashe?"

"Tarihi, ranki ya daɗe," na ce.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Kin rufe ƙofa."

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ta ce in ajiye lasifikar in tafi inda aka aiko ni, tun kafin su manta da kamannina.

Abokina ya yi kwanaki yana fushi, daga baya ya riƙa gaya wa mutane ai shi tun farko ya sani. A sashen tarihi aka karɓe ni a matsayin malalacin da ya ga damar zuwa. Na faɗi darasi ɗaya, sai da na maimaita shi.

Dab da hutu malamar ta aiko mini da takardar gwajin nan. Ban ci maki mai yawansa a ko'ina ba a duk shekarar, kuma babu inda aka lissafa mini shi.