Loretta Mai Zare Waya

Da safe Loretta Hrycan ba ta taɓa komai sai ta gaida Uwa. Haka take kiran babbar na'urar da ke hedikwatar ƙungiyar shaguna da gidajen mai, wadda duk cinikin rassanmu na arewacin Saskatchewan, a ƙasar Kanada, ke bi ta cikinta. Ko lita ɗaya za a sha a Lac Bouleau, can ƙarshen hanya, sai famfo ya tambayi Uwa, ta amsa, sannan mai ya zubo. In Loretta ta ga lafiya lau, sai ta cika gorar kofi, ta hau akori-kurarta, ta nufi wani reshe ba sanarwa.

Aikinta a can ɗaya ne. Ta zagaya bayan kanta, ta zare wayar da ta haɗa reshen da Uwa, ta ja kujera ta zauna.

Ita ta girka Uwa, kuma ba ta raina ta. Amma ta dage sai da aka ajiye wa kowane reshe ƙaramar na'ura mai iya tsayawa ita kaɗai, ta riƙe bayanai, in waya ta dawo ta kai wa Uwa labari. Sai dai ƙaramar ba ta karɓar aiki sai mutum ya murɗa makunni. Shi ya sa take zare wayar, don hannu ya saba. Yaye take kiran abin.

Gilbert Natomagan, mai kula da gidan man Lac Bouleau, ya fi kowa tsanar yayen.

"Ga mayyar waya ta iso," yakan ce. "Baiwar Allah, ba ki da wata sana'a ne?"

"Murɗa abin da na koya maka, tsoho. Ina gurasar bannock ɗina?"

"Mai zare waya ba ta cin gurasar matata."

Tana ci, har ta yi guzuri.

Sai ga gobarar daji da rani. Da hantsi ta cinye turakun waya, aka ce kowa ya bar gari. Hanya ɗaya ce, kuma rabin tanki ba ya kai mutum gidan mai na gaba. Motoci suka jeru daga famfo har bakin tafki, da jarirai da karnuka. Allon famfo ya nuna babu Uwa.

Verna Morin, direbar motar makaranta, ta kwaso tsofaffin gari. Ta leƙo ta taga.

"Gilbert, akwai mai, ko mu fara takawa?"

Hannunsa ya riga bakinsa. Ya zagaya bayan kanta, ya murɗa makunnin nan da ya sha murɗawa yana ƙunƙuni. Famfo ya yi gurnani, mai ya zubo. Layi ya kaure da hon. Verna ta ce tsofaffi har dukan tagogi suke. Motar ƙarshe ta fita hayaƙi na bin ta, ta Gilbert ce.

Loretta, ranar ba kya wurin. Kina hedikwata, kina kallon Lac Bouleau ta ɓace daga allo, ba abin da za ki iya. Kin riga kin yi. Ke ce kika yarda a ɗaure miki fuska shekara da shekaru, kika sha kofi a gaban masu harara.

Wannan watan Loretta ta ajiye aiki. Makon jiya Gilbert ya kira ta.

"Yau ni na zare da kaina."

"Ya tafi daidai?"

"Daidai. Gurasar ce ba mai ci."

Mun gode, Mai Zare Waya. Ku kuma da ke riƙe da irin wannan aiki, ku tashi ku zare taku tun sama tana garau.