Alwala a Kwamin Ruwan Sha

Haƙƙin mai masauki a kan baƙonsa ba abin jayayya ba ne a wurinmu: baƙo ya tambaya kafin ya taɓa, ya bar wuri yadda ya same shi, idan kuma ya yi ɓarna ya tsaya ya nemi afuwa da bakinsa. Wannan haƙƙi ne ya hau wuyanmu ranar da muka tashi daga Sanyuanli, unguwar da muke sauka a ƙasar wajen nan da muke zuwa sarin kaya, mu bakwai, zuwa duwatsun arewacin lardin nan, kuma ba mu sauke shi ba. Ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa. Abin da zan faɗa, a ranar da ya faru na fara rubuta shi.

Wanda ya gayyace mu ɗan ƙasar nan ne, mai shagon wanduna a kasuwar Shahe, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya. Laoban muke ce masa, wato maigida, kamar yadda ake ce wa kowane mai shago. Tun zuwana na farko ya lura ina neman wurin salla, sai ya keɓe mini wani kwali mai tsabta a bayan dilolin kayansa, bai taɓa bari an taka shi ba. Da kaka ta shigo, ya ce mu zo mu ga inda aka binne cibiyarsa.

Na rubuta jerin abin da za mu ɗauka, na sa buta biyu. Alhaji, mataimakin shugabanmu, wanda aka ɗora wa jagorancin tafiyar, ya karɓi takardar ya soke su.

"Malam magatakarda, dutse za mu hau ko ƙaura za mu yi? Ruwa a daji ai ba sai an yi guzurinsa ba."

Wani abokinmu ɗan Maraɗi ya ce, "Ku Kanawa, kwantena guda ba ta yi muku nauyi, sai buta."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na bar butocin a masauki, kuma wannan laifina ne, na rubuta shi a matsayin nawa.

Bayan mota ta ajiye mu inda kwalta ta ƙare, mun yi awa huɗu muna tafiya a ƙasa cikin wani kurmi wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Itatuwan wani iri ne da babu shi a gida, jikinsu sumul, ruwan toka, wasunsu mutum uku ba sa zagaye su da hannu. Ganyensu ya koma launin tagulla, ya zube ya rufe hanya har idon sawu. Mu da kunnuwanmu suka saba da hayaniyar kasuwannin titin Guangyuan, sai muka ji muna rage murya ba wanda ya sa mu. Laoban ya dafa wani icce ya ce kakansa ya same shi a haka, kuma ba a sare ko ɗaya, domin saiwoyinsu ne ke riƙe ruwan da ƙauyensu ke sha.

Ƙauyen bai fi gida goma sha biyu ba, mafi yawan mazaunansa tsofaffi. A gidan yayan Laoban muka sauka. Nan na ga abin da har yau yake sa ni sunkuyar da kai: sun sayo sabuwar tukunya tun daga gari, sun hau da ita dutse, domin kada a dafa mana abinci a cikin wadda ta taɓa ganin kitsen alade. Ba mu roƙa ba. Sun tambaya, suka kiyaye.

Kafin mu zauna, Laoban ya kai mu idon ruwan ƙauyen. Ruwan yana fitowa daga dutse ya zuba cikin kwami uku, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Da hannu da guntun Turancinsa ya yi mana bayani, har sau biyu: na sama na sha ne, ba a sa masa hannu, da ludayin gora da ke rataye a gefe ake ɗiba, na tsakiya na wanke ganye, na ƙasa na wanki da wanke ƙafa. Ina tsaye kusa da Alhaji, na ga ya gyaɗa kai.

Azahar ta yi. Alhaji ya duba kwamin ƙasa ya ga kumfar sabulu, ya duba na tsakiya ya ga ya yi kore-kore, ya ce ruwan da launinsa ya sauya ba a alwala da shi. A nan bai yi kuskure ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ga ludayi. Bari in ɗebo in zuba maka can gefe."

Ya ce, "Tun ba a yaye ka ba nake alwala. Riƙe littafinka."

Ya tsuguna a bakin kwamin sama, ya zura hannu, ya kuskure baki, ya shaƙa, duk ruwan yana komawa ciki. Sa'an nan ya cire takalman da ya yi awa huɗu a cikinsu, ya tsoma ƙafa. Wata tsohuwa da ta zo da bokiti biyu a sanda ta tsaya cik. Laoban ya sheƙo yana cewa, "Meyo, Alhaji, meyo." Wato babu. Kalmar da muke ji kullum a shago idan kaya sun ƙare ce, ita kaɗai ya tabbata mun sani a yarensu.

Ba wanda ya zage mu. Tsofaffi uku suka zo suka zare toshiyar kwamin, suka kwashe ruwan, suka shiga gurzar dutsen da burushi. An gaya mana ba zai cika ya kwanta ba sai washegari. Ni da ɗan Maraɗi muka naɗe hannun riga muka karɓi burushi. Alhaji kuwa ya shimfiɗa rawaninsa ya yi sallarsa, da ya sallame ya ce ruwa mai gudu ba ya ɗaukar dauɗa, su ne ba su sani ba.

Ɗan Maraɗi ya ɗago ya ce, "To Alhaji, ga wanda muka kwashe, in ɗebo maka ka sha?"

Alhaji ya naɗe rawaninsa ya tashi. Na roƙe shi a keɓe ya je gaban yayan Laoban ya ce a yi haƙuri, kalma ɗaya, ni zan nemi a fassara. Ya ce bai yi sata ba, ibada ya yi. Muka ci abincin sabuwar tukunya ba mai kallon wani.

Abin da ya biyo baya a kan Laoban ya faɗa. Yayansa ya ce masa kada ya ƙara kawo baƙi, tunda ya kawo waɗanda ba sa jin magana. Har yanzu yana sayar mini da kaya, kwalin sallata yana nan inda yake, amma ya daina zuba mini shayi kamar yadda ya saba. Da na matsa masa, ya ce bai san da wace fuska zai koma gida a bikin sabuwar shekararsu ba.

A zamanmu na gaba na karanta rahoton tafiyar yadda take. Alhaji ya nemi a cire wannan sashe, shugaba ya ce a rufa wa dattijo asiri. Na ce ban iya rubuta abin da bai faru ba, ban kuma iya goge abin da ya faru ba. Aka karɓi littafin domin a duba, ya dawo mini bayan mako guda babu shafi biyu. Shi ya sa na sake rubutawa a nan.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina neman dattawan ƙungiya su binciki wanda ya yage shafukan nan, su ba da umarni a mayar da su. Ina kuma neman a wajabta wa Alhaji ya bi Laoban zuwa ƙauyensu kafin bikin ya zo, ya tsaya a bakin kwamin nan gaban yayansa ya nemi afuwa. Zan raka shi, kuma ni zan ɗauki butar.