Keken Goggo a Buɗe

Tsoro ya fara kama ni ne lokacin da na shiga shagonmu na ga keken ɗinkin Goggo a buɗe. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni da ɗinki har na gama jami'a, kuma ko ruwa za ta je sha sai ta lulluɓe keken nan da tsohon zani. Ranar kuwa allura na cake a wuyan wata riga, maganin hawan jininta na ajiye kusa da almakashi.

Duk unguwa an san Goggo da ɗinka irin kayan da wata jarumar talabijin ke sakawa. Fim na tafiya, ita tana zana hannun riga a bayan kwali. Takan ce, "Ai 'yata ce, ita ce dai ba ta sani ba."

Da safiyar ranar aka sanar da rasuwar jarumar.

"Goggonka ta bi mutane gidan rasuwa," in ji mai shagon kusa da namu. "Na ce mata, Hajiya, ke da ko layin famfo ba kya iya tsayawa? Ta ce uwa ba ta zaman shago ranar da 'yarta ta rasu."

Can da rana muka ji a rediyo cewa cunkoso ya karya ƙofar gidan, an kwashi mata da dama zuwa asibiti. Wayar Goggo na shiga, ba a ɗagawa. Yayana ya tafi dubawa, ya ce in zauna ko za ta dawo.

Na lulluɓe keken, na sa maganin a aljihu. Har yanzu Yaya bai kira ba.