Giɓin da Muka Bar wa Gwamnati

Littafin yana nan a akwatina, mai jan bango, ruwa ya ɗan taɓa gefensa. Duk abin da gwamnati ta bar mana ke nan, shi da wani turken ƙarfe a fadamar ƙauyenmu, kusa da Kalgo.

Mu manoman shinkafa ne. Tsakanin fadamarmu da gulbi akwai jinga, doguwar ganuwar ƙasa da kakanni suka tayar don tare ruwa. Kowace shekara kafin damina ana kiran gayya, a cike inda ta zaizaye da laka da ciyawa, a tattake da ƙafa. Mahaifina ne mai kiran gayyar. Shi ya san inda ɓera ya yi rami, shi ya san inda gulbi ya fi dukanta.

Bayan wani babban fari da aka yi ne wasu ma'aikata suka zo da mota da na'urar hange mai ƙafa uku. Suka ce gwamnati ta ɗaura ɗamarar hana ambaliya, amma sai an yi bincike tukuna. A wani giɓi da jingar ta yi, faɗinsa bai fi taku shida ba, suka kafa turke mai zanen lambobi. Babbansu ya ce a bar giɓin a buɗe damina uku, su ga yadda ruwa ke shiga. Bayan nan za a gina mana jinga ta dutse da siminti.

Ni ne na gama firamare a Gwandu, don haka ni aka ba littafi da fensir, in riƙa rubuta inda ruwa ya kai kowace safiya. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Baba ya ce, "Gulbi bai san takarda ba. Mu toshe abinmu, su auna daga baya."

Na ce, "Haba Baba, mutanen nan karatun ruwa suka yi. In muka toshe, mun ɓata musu aiki, su kai simintin wani gari."

A gaban dattawa na faɗi haka, da bakin nan nawa. Ya dube ni ya ce, "To, ɗan boko, mun ji." Shekarar nan gayya ta gyara ko'ina, ta tsallake giɓin.

Damina biyu gulbi bai yi ƙarfi ba, ruwa ya riƙa shigowa a hankali, shinkafa ma ta ji daɗi. Ina tafiya ina hura hanci. Ma'aikatan sun leƙo sau ɗaya, suka duba littafin suka yaba rubutuna. Ban sake ganinsu ba.

A ta uku, shinkafa ta fara ɗaukar ciki, da hantsi wata Laraba ruwa ya iso. Ba a yi ko yayyafi a garinmu ba, daga gabas ya zo, ja wur. Giɓin taku shida ya zama ashirin kafin azahar. Muka ruga da kwanduna da fartanya, duk lakar da muka zuba sai ta bi ruwa. Zuwa la'asar babu fadama, sai ruwa har gindin rumbuna. Irin shinkafar da Baba ya gada, wanda ba ya sayarwa ba ya ba da aronsa, duk yana ƙarƙashin ruwan nan.

Da ya zage ni da na samu sauƙi. Muna tsaye a tudu, laka har gwiwa, ya tambaye ni a hankali, "Ka rubuta musu na yau?"

Na ce ruwa ya shanye turken, ba a ganin lamba.

Ya ce, "Ashe ko wannan ba su samu ba."

Bai sake kiran gayya ba. Da rani rabin magidanta suka tafi cirani, ba hannun da zai tayar da jinga, ciyawa ta cinye fadamar. Ni kuwa na ɗauki littafin na kai ofishinsu. Wani magatakarda ya ce an yi wa masu aikin canjin wuri, kuma bai san teburin da ake ajiye irin wannan ba. Ya ce in dawo. Sau huɗu na koma.

A littafin, shafi bayan shafi, lambobi ne na ranakun da ba abin da ya faru. Ranar Larabar kuwa, kwanan wata kawai na rubuta. Baba ya rasu yana cin shinkafar kasuwa, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini ni na jawo ba.